Siket Ɗin Legas da Zaren Ƙugun Ɗanasabe

Tudun Wada,
Litinin, 12 ga Oktoba, 1992.

Zuwa ga ƙanwata Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'yan uwantaka, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Alhaji Surajo da yara gaba ɗaya, da duk wanda ke cin tukunyarki a nan Agege. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a kantinki, amin. Mu nan da sauƙi. Ban ce lafiya lau ba, don ba na son in buɗe takarda da ƙarya. Ruwa ya ɗauke mana yau kwana goma, an fara yankan shinkafa a fadama, masara kuwa tuni ta shiga rumbu, ba laifi bana. Malam yana nan da ciwon gwiwarsa, amma bai hana shi gona ba. Katangar bayan gida da kika gani ta tsage, ta faɗi, Allah ya tsare ba kowa a wurin.

To Luba, ki gyara zama. Wannan rubutun hannuna ne, na yaƙi da jahilci, in kin ga ya karkace ki yi haƙuri da shi, ban ba kowa ya rubuta mini ba don maganar ba ta kunnen bare ba ce. A kan 'yarki zan yi magana. Kin san ita ce ta fari a wurina, shekara ashirin da ɗaya bakina bai taɓa kama sunanta ba, sai dai in ce yarinyar nan, ko in ce ke. Yau zan kama. Suwaiba. Ga shi nan na rubuta, kuma hannuna bai karye ba. Da na san kunyar nan za ta kusa ci mini jika, da tun ranar suna na yar da ita a bakin ƙofa.

Ki tuna ranar sunan. Ɗaki cike da mata, har da dangin mijinta Rufa'i da suka zo daga Kiru. Yarinya ta fito daga wanka, ta ci kwalliya, tana sheƙi, kowa na cewa tubarkalla jego ya karɓe ta. Sai ga ki kin shigo da baƙin tabarau da jaka a hammata, kika tsaya kika ƙare mata kallo daga sama har ƙasa kamar mai tayin saniya, kika juyo gare ni kika ce, “Yaya, wannan jego kike yi mata ko kiwo?” Ɗaki ya ɗauki dariya. Ba ki tsaya nan ba. Kika ce tunda an ce za a mai da Rufa'i aiki Kaduna, sai dai ya nemo a-kori-kura ya sa ta a baya, don gaban mota ba zai ɗauke ta ba. Kika ce a birni yanzu namiji kunyar jerawa yake da mace irin wannan, kika ɗaga damtsenta kika girgiza wa mutane su gani. Wata daga cikin 'yan Kiru har da riƙe ciki. Ke a wurinki raha ce, kika ci tuwonki kika kwana biyu kika hau mota.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ina zaune a wurin, na ga idon yarinyar ya kawo ruwa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zani, kuma na yi murmushi. Eh, na yi. Don kar a tashi a ce Saude ba ta da kunya, tana kare 'yar fari a gaban surukai. Na ce a raina ai uwarta ce ta faɗa, ƙanwar uwa uwa ce, ba komai. Wannan murmushin har gobe yana ci mini rai. Amma ni shiru na yi, ke kika yi magana, kuma magana zarar bunu ce.

Sati guda da tafiyarki sai ga ƙunshi, direban da kike ba saƙo ya ajiye a Kwanar Dangora, Malam ya karɓo. Aka ce na mai jego ne. Na ji daɗi wallahi, na ce Luba ta tuna da kayan komawa ɗakin miji. Abin da aka nuna mini siket ne da riga ruwan goro, ɗinkin kanti, mai maɓallai masu walƙiya. Ina ɗaga siket ɗin na ce anya wannan ba na Asibi 'yar autarki ba ne aka haɗo bisa kuskure, don ko cinyar Suwaiba guda ba zai rufe da daɗi ba. Ta karɓe da sauri ta ce nata ne. Abin da ba a nuna mini ba su uku ne, sai daga baya na gan su, biyu a ƙarƙashin katifa, ɗaya a jikinta. Kwalin ganyen shayi mai hoton wata mata kamar sillen kara, da wata ɗamarar roba mai ƙugiyoyi a jere, da 'yar takardarki. Da Turanci kika rubuta, kin san sarai ba zan iya karantawa ba ko na gani. Yanzu an karanta mini. Wai ta sha shayin safe da yamma, ta ɗaure cikin, ta bar kunun nan na ƙauye, ta yi ƙoƙari ranar arba'in ta shiga siket ɗin ta ba mijinta mamaki.

Luba, mai jego! Macen da ɗa ke rataye a ƙirjinta. Ke da kika haifi huɗu, kuma biyun farko a ɗakin nan nawa kika yi wankansu, ni na hura miki wuta, ni na dama miki kunun kanwa, ni na gasa miki nama da yaji har kina cewa in ƙara. A lokacin kunun bai zama na ƙauye ba.

Ashe tun daren suna ta fara rage ci, ƙunshinki ya zo ya ƙarasa. Kullum in dama kunu cike da ƙwarya in kai mata, in dawo in tarar da ƙwarya a wanke, in ce madalla. Tuwo ma haka. Ina ta yabon cinta a wurin maƙwabta. Abin da ya fara ba ni mamaki tunkiyar Malam ce, wadda ke ɗaure a bayan ɗakin. Tunkiya ta yi ta murjewa tana sheƙi, Malam har yana alfahari wai harawar bana ce mai kyau. Ashe ta taga ake zuba mata. Kwana goma sha ɗaya ina jegon tunkiya ban sani ba. Yarinya kuma na ga tana yawan zagayawa, in tambaya ta ce ba komai. In ina yi mata wanka in ga sawu ja ya zagaye mata ciki, ta ce ɗaurin zani ne. In ta tashi tsaye sai ta dafa bango. Shi kuwa yaron, mai sunan Baba, da muke ce wa Ɗanasabe, kuka dare da rana, ya kama nono ya saki ya kama ya saki. Na ce ciwon ciki ne irin na jarirai, na ba shi ruwan tazargade. Daga baya ma kukan ya ragu, na ce alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Ashe ƙarfin kukan ne babu.

Allah ya saka wa Furera da alheri, Bafillatanar nan da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Falgore, kin san ta, mai tsagar nan a kumatu. Ranar Alhamis ta sauke ƙwaryarta ta ce a ba ta angonta ta gani, rabonta da shi tun suna. Tana karɓarsa fuskarta ta sake. Ta taɓa maɗigarsa ta ce ta faɗa. Ta buɗe zanin. Kin tuna baƙin zaren da na ɗaura masa a ƙugu ranar suna, kina tsaye, na bar wurin yatsa ɗaya don in riƙa ganin girmansa? Furera ta sa yatsunta huɗu a ciki suka shige, tana ɗaga shi zaren ya sulale ta ƙafafunsa ya faɗo kan tabarma. Ta dubi Suwaiba ta ce ta matsa nonon ta gani. Ta matsa, ɗigo biyu. Furera ta ce su a ruga ko yaro ya san nagge da ba ta yi kiwo ba, ba a kai mata ƙwarya, kuma ɗan maraƙi ne ke fara faɗuwa kafin uwar. Ta tambaye ni me muke ba yarinyar nan. Na fara lissafa mata kunu da tuwo da nama ina hura hanci, sai Suwaiba ta fashe da kuka.

Da hannuna na kwance ɗamarar nan. Ƙugiyoyin sun nutse a nama, wuri biyu ya yi ruwa. Cikin da bai yi wata guda da sauke ɗa ba. Na ɗaga hannu zan mare ta, wallahi na ɗaga, sai ta ce da ni abin da ya sa hannun ya sauko da kansa. Ta ce, “Ranar da Anti Luba ta faɗa, ke ma dariya kika yi. Na ɗauka gaskiya ce kowa ya sani, ni kaɗai ce ban sani ba.”

Ranar Juma'a muka kai Ɗanasabe asibitin shan magani. Nas ɗin ta ɗora shi a sikeli ta duba kati, ta ce ya ragu a kan yadda aka haife shi, ta yi mana faɗa kamar ta ari baki, kuma ni ta fi yi wa, don ni ce babba. Na nuna mata kwalin shayinki. Ta juya shi ta karanta ta ce wannan ai maganin gudawa ne aka yi masa kwalliya, ruwan jikin mutum kawai yake tsiyayarwa. Ta haɗa wa uwar ruwan gishiri da sukari, ta ce ta ci ta sha ta yi ta ba shi nonon ko babu komai, don da tsotso yake dawowa. Ta ce mu komo Juma'a mai zuwa a sake awo, in bai ƙaru ba sai babban asibiti a Kano, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Yau kwanansa talatin da ɗaya a duniya. In kin ɗauke shi kamar kin ɗauki ɗan tsako. Ga mamakin da za a ba Rufa'i. Garin gyaran gira za a rasa ido.

Ina so ki gaya mini, yaushe jiki ya zama abin kunya a gidanmu? Ke ba 'yar Inna ba ce? Matar da in za ta shiga ɗakinta na Riruwai sai ta karkata, matar da in ta ɗaura saƙi ta fito biki masu kalangu ke barin amarya su bi ta. Turmin atamfa guda bai taɓa isarta ba, Baba kuma da bakinsa yake faɗa a kasuwa yana jin daɗi. A bayan nan nata aka goya ki, a cinyar nan kika yi barci. Ta daka, ta yi surfe, ta ɗauko itace daga dutse har ta tsufa, ba wanda ya taɓa jin ta ce wash. Ni na biyo ta, Suwaiba ta biyo ni. Ke kika biyo dangin Baba. Kuma kin manta yadda aka yi da ke? Tsinke ake ce miki a unguwa. Yara su bi ki suna cewa a riƙe ta kar iska ta ɗauke. Kina dawowa daga rafi kina kuka, ni ke fita in tare miki. Haƙorina na gaba da ya gutsure, a kan wa ya gutsure? Da aka tashi aurenki, gwaggon Alhaji ta ce ba su ga abin da za a kai gida ba, wai kamar ba a ba ki abinci. Kwana biyu kina kuka a cinyata kina cewa Yaya me zan ci in yi jiki. Ni na ce miki Allah bai yi kuskure a halittarki ba, wanda zai so ki zai so ki a haka. Ke kin san zafin abin nan, kin ɗanɗana. Yau don yayi ya juyo ta wajenki, kin ɗauki wuƙar da aka yanke ki da ita kin ɗora a wuyan 'yata.

Kuma ki bar ce mini birni. Na je Kano, na je Zariya, na ga matan manya suna fitowa daga mota da jikinsu, ba wadda aka sa a bayan a-kori-kura. Matsalar kantinki ce. Ke da bakinki kika ce in mace mai jiki ta shigo sai ki ce babu lambarta, ta juya. To mai kanti da ba ta da kayan rabin matan gari, ita ya kamata ta ji kunya, ba mai saye ba. Ni tun da nake ban taɓa jin inda ake ɗinka riga tukuna sannan a zo a sassaƙe mutum ya shiga ciki ba, sai a wurinki. Nan Labaran tela, da bai taɓa taka Legas ba, ya fi ki sanin wannan. Kin san ba ya auna matar aure da hannunsa, zare muke aika masa. A zagaya ƙirji a ƙulla, a zagaya ƙugu a ƙulla, a zagaya mazaunai a ƙulla, shi kuma ya bi ƙullin. Shekara talatin bai taɓa maido wa mace zarenta ya ce ya yi tsawo ba. Shekaranjiya na auna Suwaiba, tana ta nonnoƙewa tana rufe ido, na yafa gyale na kai masa da kaina, da atamfar da na ɓoye tun tana da ciki. Na ce buba nake so mai faɗin hannu, da zani mai kai har idon sawu, a sakar mata wuya don shayarwa. Na nuna masa siket ɗinki don ya gani. Ya ɗora a kan zaren, bai kai ko ƙulli na biyu ba. Bai yi dariya ba, mutumin kirki ne, cewa kawai ya yi yadin mai kyau ne amma ba don ita aka yi shi ba.

Rufa'i ya zo jiya daga Kiru. Ba ni na gaya masa ba, Malam ne ya zaunar da shi a zaure. Malam ya ce da Rufa'i ya gama ji, ya ce shi da idonsa ya gan ta kafin ya kawo kuɗin gaisuwa, ba a rufe aka ba shi ba, kuma bai aiki kowa ya rage masa mata ba. Ya shiga ya ga ɗansa ya fito yana share ido da hula. Ya gaya mata haka ita ma. Kin san me ta ce da ni bayan ya tafi? Wai kara yake yi mata. Ni in na ce tana da kyau, ta ce ai ni uwa ce. Furera in ta faɗa, ta ce ita me ta sani, a daji take. Tana ci yanzu, amma sai ina zaune a gabanta ina ƙirga loma kamar mai gadin fursuna, in na juya baya cokali ya tsaya. Madubin ɗakin ta kife shi. Nonon ya fara tsattsafowa, amma bai kai ya ƙoshi ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, ba don daɗin hira da ke ba, don wallahi a yanzu ko sunanki ba na son ji. Yarinyar nan tun tana ƙarama ke take kallo. Shekara biyun da ta yi a hannunki tana firamare, ta dawo tana tafiya irin taki tana ɗaurin ɗankwali irin naki. Maganarki a wurinta ta fi ta uwarta da ta mijinta da ta nas. Ke kika ƙulla, ke za ki kwance. Ki ɗauki biro ki rubuto mata, da Turancin nan dai da kika yi na farko, ki ce kin yi kuskure, ki ce ta ci abinci, ki ce jikinta na kakarta ne kuma ba abin da ya same shi. Kar ki ce wasa kike yi, kar ki ce ba a fahimce ki ba, kar ki haɗo da turare ko sarƙa don ki rufe bakina. Direban nan zai juyo ranar Alhamis, ki ba shi. Awon ranar Juma'a ne. In takardar ta zo, ke ƙanwata ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, zan haɗiye sauran. In ba ta zo ba, kar ki wahalar da kanki zuwa arba'in, kuma in wani abu ya sami mai sunan Baba, Allah ya kiyaye, kar in ga ƙafarki a gidan nan da sunan gaisuwa. Ban taɓa yi miki irin wannan magana ba tun da Inna ta rasu ta bar mini ke, kin kuma san ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Ga kayanki nan na haɗo a ƙunshin, siket da riga da ɗamara. Ɗamarar ban wanke ba, ki duba ƙugiyoyin da kyau. Shayin na zuba a masai, can ya dace da shi. A cikin ambulan za ki ga zare biyu. Dogon farin mai ƙulli uku, irin wanda na kai wa Labaran ne, awon 'yarki ke nan yadda Allah ya yi ta, in wata rana kin so yi mata ɗinki ki bi shi, in kantinki ba shi da mai wannan tsawon ki riƙe kyautarki. Ɗan guntun baƙin kuwa kin san shi, a gabanki na ɗaura. Ban kwance ba, ban yanke ba, yadda ya faɗo haka na aiko miki. Ki ajiye shi kusa da ke lokacin da kike rubutun.

Ki gaishe mini da Alhaji Surajo, ki ce ina yi masa fatan alheri, shi ba ruwansa. Ki shafa mini kan Ubale da Maikano da Isa. Asibi kuma ki ce Babbar Inna tana gaishe ta, na ga ita ma ta fara cika irin namu, don Allah ki bar ta ta ci abincinta. Malam yana gaisuwa. Furera ta ce a gaishe ki, ban gaya mata ke ce mai shayin ba, na rufa miki wannan. Mai jego ba ta san na rubuto ba.

Ni ce yayarki,
Saude, uwar Suwaiba.